Sunan Lakwal a Bangon Littafi

Duk ƙasar Damagaram, in ana zancen marubuta ni ne a gaba. Mai bi mini ma sai ya hau raƙumi kafin ya hango ƙeyata. A garinmu Zermu mu uku ne masu rubutu: wani tsohon malami mai waƙoƙin ajami, da wani mushe, wato malamin boko, da ya bar koyarwa yana tattara tarihin rijiyoyi, sai ni. Su nasu yana cikin akwati, nawa kuwa an buga shi a Zinder, har rediyo ta riƙa karanta shi kowace Laraba.

Da na ji labarin ya game gari, sai na ɗinka babbar riga na tafi gida ran kasuwa don in karɓi girmana. Ashe na yi tuya na manta da albasa. Sunan da ke bangon littafin na lakwal ne, wato wanda aka rubuta mini a makarantar boko, a Zermu kuwa ba wanda ya san ni sai da laƙabin ƙuruciya. Kowa ya ɗauka mai karantawa a rediyo shi ne mai labarin.

Na tarar da gwaggona tana ɓarar gyaɗa. Na gyara murya na ce, "Gwaggo, kina jin labarin nan na Laraba?"

"Ina ji mana! Yaron rediyon nan Allah ya ba shi kai."

"To ai ni..."

Ta katse ni. "Ai kai ya kamata ka riƙa saurare, ko ka koyi tsara magana. Tun kana ƙarami surutunka ba kai ba gindi."