Ƙibar da Ta Ruɗe Mu a Jinyar Yaya Rakiya

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayata Rakiya, malamar makarantar sakandare, wadda sankarar mama ta ɗauke ta a gidan mijinta da ke Nassarawa. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, gari ya cika da zancen gyara, mu ma a gidanmu muna cike da sa rai.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mu dai fuskar Yaya ƙarya ta yi mana. Da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin sankarar, gashinta ya zube, amma jikinta ya buɗe. Kumatu suka ciko, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Likita ya ce magungunan ne da yawan kwanciya, ya ce ta rage maiƙo da zaƙi, ta riƙa tattaki, don nauyin ba zai taimake ta ba.

Wa zai gaya wa dangi haka? Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, kullum sai ta taso daga Gama da kwanon farfesu da kunun gyaɗa mai kauri. Ta kan dafa kafaɗarta ta ce, "Masha Allah, Rakiya, ga ki kin murje. Ciwo ya tafi."

"Gwaggo, ba lafiya ba ce, kumburi ne."

"Kul! Kada ki yi wa Allah butulci. Shanye."

Sai ta shanye, don ba ta iya mayar da hannun kyauta baya. In Gwaggo ta tafi, ta zura hijabi ta ce in zo mu zaga. Mu kan bi ƙarƙashin bishiyun unguwar bayan la'asar, tana tafe tana haki, masu gadi suna gaishe ta suna mamakin Hajiya da ƙafa alhali ga mota a gida. Ranar da sikelin asibiti ya nuna ta ɗan ragu, har rawa ta taka mini a falo.

Daga baya ciwon ya koma ƙashi. Abincin da take kokawar ragewa, yanzu ko cokali ɗaya ba ya zama. Ta rame har awarwaro yana zamewa zuwa gwiwar hannu. A zamanin, mace ta rame haka, sunan cuta ɗaya ake raɗawa: ƙanjamau. Wasu daga cikin masu yaba ƙibarta suka ɗauke ƙafa, wasu suka daina shan ruwa a kofin gidan. Ta gane. Labule kawai ta sa aka sauke.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Gwamnatoci sun zo sun shuɗe. An sare bishiyun da muke bi, an yi shaguna, har da wurin motsa jiki. Amma a layin asibiti mata nake gani irin na da, daga Kawaji, daga ƙauye, ba sa zuwa sai abu ya ci ya cinye. Har yanzu da ido muke auna lafiyar mace, kuma mai ɗaki ne kaɗai ya san inda yake masa yoyo.

Ɗalibanta sun watsu, gidan ma an sayar. Abin da ya rage mini nata shi ne Nafisa, 'yarta. Watan jiya ta ji ƙullutu a ƙirjinta. Ba ta ɓoye ba, a makon ta nemi in raka ta asibiti. Rashin ɓoye ciwo kam gadon uwarta ne. Muna zaune muna jiran a kira mu, ta ce, "Anti, Mama ta ji tsoro?"

Na ce mata ta ji.

Ta gyaɗa kai, ta riƙe hannuna. Sakamakon ya fito, kuma shi ne abin da muke gudu. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya dubi marainiyarta.