Motar da Ta Fi Ni Sanin Hanyar Zariya

Shekarar da tumatir ya yi mana kyau, ni da ƙanena muka sayi mota. Na ce mun saya, amma ni kaɗai na je na sayo, kuma daga nan maganar ta samo asali.

Tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gandu. Gonakinmu suna tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke zuwa har bakin gona. Da damina mu yi shinkafa, da rani mu zuba tumatir. Mu biyu ne maza a gidan. Ƙanena ya fi ni ƙarfi, ya fi ni zafin nama, bakinsa kuma ya fi nawa sauri. A 'yan shekarun nan sai ya tsiro da maganar a raba gandu, kowa ya kama nasa. Bai taɓa cewa ina cin amana ba, amma yakan ce, "Yaya, ni ke shiga taɓo, kai ke shiga kasuwa." Mai hankali ya san inda wannan magana ta dosa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ita ta roƙe shi ya dakata. Ya ce to, zai ga yadda bana za ta kaya.

Da amfani ya zo, shi injin casar shinkafa yake so mu saya. Ni kuma na dage sai mota, saboda ƙafafun Inna sun fara ba ta wahala, kuma raina na ɓaci duk ranar da za a kai ta asibiti Kano, in ga ana cusa ta cikin bas kamar buhun albasa. Na yi masa fin ƙarfi irin na babban wa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ne babba." Na san sarai cewa in motar nan ta ba ni kunya, gandun mahaifinmu ya watse ke nan.

Na ɗauki makanikin garinmu muka shiga Kano, wurin masu sayar da motoci. Dillalin da ya tare mu fes yake, farar shadda, ƙamshin turare, carbi na yawo a yatsa. Ya nuna mana wata ruwan toka mai dogon baya, fenti na walƙiya, kujeru sun sha sabuwar riga. Makaniki ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce injin ba laifi.

Ni tambaya ɗaya ce a bakina. Mu da muke zaune a gefen titin Kano zuwa Zariya mun san abin da haya ke yi wa mota. Tun asuba ake loda mata mutane da buhuna, a ɗaure kwanduna a bisa, ta je ta dawo, ta je ta dawo, har rana ta faɗi. Irin wannan mota ta ciki take tsufa, ko da fuskarta ta amarya ce. Na ce, "Alhaji, don Allah, ta taɓa yin haya?"

Ya dafa ƙirji kamar na zage shi. "Haya? Haba Malam! Wani ma'aikaci ne mai ita. Daga gida sai ofis, daga ofis sai masallaci."

Na sake tambaya a gaban makaniki, ya sake maimaitawa, har da ƙarin cewa matar mutumin ma ba ya barin ta tuƙa. Ciniki ya faɗa, aka yi Allah-ya-sa-albarka, na biya har da la'ada.

Ranar da na shigo da ita unguwa, ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Inna ta fito da sanda ta shafa gilashin, ta yi ta sa albarka. Ƙanena ya zagaya ta, ya ce, "Ba laifi," wanda a bakinsa yabo ne babba. Abu ɗaya ne ya ɗan dame mu: ƙofar baya ta dama ba ta buɗuwa ta waje. Na ja, ƙanena ya ja, makaniki ma ya ja, ta ƙi. Sai an miƙa hannu ta ciki. Muka ce ƙaramin abu ne, a gyara daga baya.

Ba a jima ba, wata safiya ni da ƙanena muka nufi Garun Mallam sayen taki. Na tsaya a bakin titi kusa da tasha don in gaisa da wani. Ban ko kashe mota ba sai ga wata dattijuwa da ƙullin kaya a ka, ta nufo mu kai tsaye. Ta sauke ƙullin, ta dafa ƙofar nan ta dama da gwiwa, ta ɗaga mariƙin sama, ta finciko. Ƙofa ta buɗe kamar an yi mata sallama. Ta shiga ta gyara zama.

"Direba, Kwanar Ɗangora zan sauka," in ji ta. Sai ta dubi kujerun. "Iko sai Allah, an yi mata kwalliya! Ina direbanta na da?"

Na juyo na ce, "Baba, wannan motar gida ce."

Ta ce, "Gidan wa? Ɗan nan, na fi ka sanin motar nan. Ƙofar nan sai da gwiwa."

Kafin in ce wani abu, wani ɗan kamasho ya iso, ya buga rufin motar da tafin hannu yana dariya, yana kiran 'yan uwansa su zo su ga wadda ta dawo. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce in buɗe but, wurin zuba kaya. Ya ɗaga sabon kafet ɗin da aka shimfiɗa, ga walda nan faci-faci inda nauyin buhuna ya taɓa ɓarke ƙasan. Ya nuna mini inda igiya ta ci bakin ƙarfe. Ya ce shekara da shekaru tana lodi a tashar nan zuwa Zariya, an sauke injinta ba sau ɗaya ba, mai ita ya gaji da kashe mata kuɗi ya kai ta birni.

Dattijuwar ta sauka tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi mini laifin. Muka hau hanya. Sannan a hankali ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ce motar ofis ɗin?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, fushi kuma ya biyo baya ya danne su duka. Ko takin ba mu saya ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Masu ba da shawara suka yi ta zuwa. Wannan ya ce ciniki ya riga ya faɗa, in bar wa Allah. Wancan ya ce 'yan birni ba a ja da su. Wani ma ya raɗa mini cewa in yi shiru, in kai ta wata kasuwar in sayar wa wani a matsayin motar gida. Wato a cuce ni, ni ma in nemi wanda zan cuta. Na ce masa Allah ya sauwaƙe.

Abu biyu na riƙe. A karatun da muke ɗauka wurin malam mun wuce babin ciniki, na ji da kunnena cewa wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da ikon mayarwa. A rediyo kuma na sha jin cewa akwai hukuma a Kano da ke sauraren koken wanda aka yaudara a saye da sayarwa. Ga addini, ga doka, don me zan zauna ina haɗiyar takaici? Na samu ƙanena a bakin kanal na ce, "Ka shirya, gobe tare za mu."

Ya ce, "Me zan je yi?"

Na ce, "Guminka na cikin motar nan."

Ɗan kamashon, Allah ya saka masa da alheri, ya yarda ya bar lodinsa ya bi mu. Makaniki ma ya zo, yana jin haushin kansa.

Dillali ya tare mu da fara'a, har sai da na faɗi abin da ya kawo mu. Ya yi dariya ya ce a nan kaya in ya fita ba ya dawowa. Amma da ya ga ɗan kamasho ya ɗaga kafet yana kiran sunan tashar, sai ya sha jinin jikinsa. Ya kama hannuna ya ja ni bayan wata babbar mota, ya sassauta murya.

"Malam, kai babba ne, mu rufa wa juna asiri. Zan mayar maka da wani abu mai kauri, ka sa a aljihunka. Ƙanen nan naka ba sai ya ji ba. Ka ce masa mun yi sulhu."

A raina na ce, bawan Allah, ka taɓo inda ba a taɓawa. Na ɗaga murya na kira ƙanena. Ya zo. Na ce, "Zo ka ji abin arziki. Alhaji, maimaita masa abin da ka ce mini."

Dillali ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Da ya ƙi, ni na maimaita, kalma bayan kalma. Ƙanena ya dube shi, sannan ya dube ni, ya daɗe yana kallona.

Aka kai magana gaban shugaban 'yan kasuwar, wani dattijo mai furfura da ke zaune a rumfa. Mutane suka taru. Na faɗi nawa, ɗan kamasho ya faɗi nasa. Da aka zo kan dillali sai ya gyara hula, ya ga ya samu makama.

"Ranka ya daɗe, manomin tumatir ne fa. A tambaye shi, in ya cika kwando, manya yake sawa a sama ko ƙanana? Shi ma yana yi wa kayansa fuska. Kasuwa ke nan. Ni na yi wa tawa fuska, shi ke nan sai a ce na yi laifi?"

Wurin ya ɗauki dariya. Har shugaban ya murmusa, ya ce, "To manomi, ka ji."

Na bari dariyar ta lafa. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, muna yi wa kwando fuska. Kowa ya sani, mai saye ma ya sani. Shi ya sa yake zura hannu har gwiwar hannu, in bai gamsu ba ya ce a zazzage a ƙasa, kuma a zazzage masa. Amma in ya dube ni ya ce, na ƙasan akwai ruɓaɓɓe? to daga nan an bar maganar fuska, an zo maganar bakina. In na ce babu alhali akwai, kwandona zai dawo mini, kuma ba ni da ta cewa. Fentin nan da rigar kujera fuska ce, ban kawo ƙararsu ba. Mota kuwa ba a zazzage ta a ga gindinta, shi ya sa na tambaye shi da bakina, ya amsa da nasa."

Ba wanda ya sake dariya. Shugaban ya tambayi makaniki ko an yi haka a gabansa, ya ce an yi, har sau biyu. Ya juya ga dillali ya ce, "Ka san ta yi haya?"

Ya fara cewa ai wanda ya kawo ta ne, ai shi ma...

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce in abin ba zai ƙare a nan ba, na san hanyar hukuma, kuma ba na jin ƙyashin zuwa. Shugaban ya ɗaga hannu ya ce ba sai an kai can ba, ba za a ɓata sunan kasuwa saboda mutum ɗaya ba. A karɓi mota, a mayar wa mai kuɗi kuɗinsa, har la'adar. Da aka tambayi inda za a tura, na ce a tura asusun ƙanena. Muna idar da sallar la'asar wayarsa ta yi ƙara, kuɗi sun shigo.

A bas muka koma, a matse a kujerar ƙarshe, kwandon wata mata a kan ƙafata. Mun je da mota mun dawo babu, amma ban taɓa shiga garinmu ina jin kaina cikakken mutum kamar ranar ba. Mun kusa Kura, gonaki sun fara bayyana kore shar, sai ƙanena ya gyara murya.

"Yaya, gonar nan ta bakin kanal, baɗi albasa ya kamata mu zuba mata. Tumatir ya gajiyar da ita."

Na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona. Na ce albasa wahala gare ta. Ya ce ban san komai ba. Muka yi ta musu har muka sauka.

Inna na zaune a tsakar gida. Ta dubi bayanmu ta ce, "Ina motar?" Kafin in buɗe baki ƙanena ya riga ni. "Inna, Yaya ya mayar musu da kayansu!" Ya tsaya a tsaye yana ba ta labari, yana kwaikwayon muryata, yana ƙara maganganun da ban taɓa faɗa ba, har da wai na buga tebur, alhali babu tebur a rumfar. Na zauna a tabarma na ƙyale shi.

Da ya gama, Inna ta ce to yanzu da me za a riƙa kai ta asibiti. Ya ce, "Za mu sake nemo wata. Ni da Yaya za mu je."

Inna ta share ido da gefen mayafinta, ta ce a kawo mana abinci a kwano ɗaya.