Injin Dokta Habibu a kan sikelina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka buga min waya, Dokta Habibu na Tudun Kaya ya rasu.

Dole in yaba wa ƙaninsa Alhaji Sabo. Mutum ne mai zafin nama. Kafin a dawo daga maƙabarta ya rubuta a nan dandalin sada zumunta cewa Karaye ta yi rashin da ba shi da tamka. Kafin la'asar kuma ga a-kori-kura a ƙofar shagona, ɗauke da injin marigayin, wai Alhaji ya ce a auna.

Ni sana'ata gwangwan, wato sayen tsofaffin ƙarafa a kilo. A nan muka saba da Dokta, yakan zo neman wayar tagulla, ya zauna a bencina mu ci gyaɗa. Maganaɗisun da nake gwada kaya da shi ma shi ya ba ni.

Wata rana ya ce, "Ɗanjuma, ka san ƙarfe da maganaɗisu ba sa rabuwa. To akwai haɗin ƙarfen da in ya sha sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, sai ya ture maganaɗisu, wuta kuma ta bi cikinsa ba asarar ko ɗigo. Dalilin nake nema."

Na ce, "Dokta, a kai ƙarfen nan garinmu Rogo mana, mu huta da duhu."

Ya yi dariya har da tari.

Wannan injin da aka kawo min shi ke samar da sanyin. Saboda shi Alhaji Sabo ya laƙaba wa marigayin Dokta Firji, yana faɗa a majalisa cewa boko ya taɓa yayansa.

Ganinmu na ƙarshe da Dokta, ya rame sosai. Ya ce injin na ɗalibarsa Rabi ne in ta Allah ta kasance, don da shi za ta ƙarasa digirinta. Alhaji na tsaye a wurin, yana danna waya.

Shi ya sa yau da aka sauke injin, na ce da direban a-kori-kurar sikeli ya lalace. Injin yana cikin shago, na sa kwaɗo. Malama Rabi, ki zo da manya.

Allah ya jiƙan Dokta, ya sa sanyin rahama a kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Alhaji, ranka ya daɗe, shi wannan rashin da ba shi da tamka, kilo nawa ka yi tsammanin zai kai?