Ranar da Taubashina Ya Gwada Agarata

Cikin shekarun da na yi ina malamin wasanni a wata sakandare a Batsari, ranar da ba na mantawa ita ce ranar da taubashina ya gwada ni a filin badmintan bayan agarata ta tsinke. Ku sababbin malamai kun same ni ina ɗingishi, to ga asalinsa.

Tsalle na yi zan nuna wa yara yadda ake dukan ƙwallo daga sama, sai na ji kamar an maka mini sanda a bayan ƙafa. Har na waiwaya ina neman wanda zan hukunta, babu kowa. A Katsina aka ɗinke jijiyar, na yi watanni ina dogara sanda.

Da na dawo aiki, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam Lawal, in ƙafar nan ba za ta ɗauka ba, mu ba Malam Sani wasanni, kai ka koma sito." Sito kuwa ɗakin ajiyar alli ne da karyayyun kujeru. Na ce a gwada ni tukuna.

Aka ɗaura raga, malamai suka taru, na kara da Malam Sani, matashin da na girme wa nesa ba kusa ba. Na cinye shi tas, ko gumi ban yi ba. Na shiga yawo ina kaɗa raket, ina cewa likitocin nan sun cika tsoratar da mutane.

Shugaba ya ja ni gefe. "Ka ga inda ka tsaya? Ko taku biyu ba ka yi ba. Yaron nan miƙo maka ƙwallo yake kamar yana miƙa wa babanshi buta. Wa zai kunyata babba a gaban jama'a?"

Kunya ta rufe ni. Na duba makarantar kaf, babu wanda ba ya russuna mini. Sai na tuna da Buba, taubashina, ɗan kawuna da ke aikin duba dabbobi a Safana. Tsakanin taubasai babu kara, tun muna yara aikinsa ke nan ya ga bayana.

Na aika masa ya zo mu kara, ranar Alhamis ya zo a kan babur. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Ina gurgun? Sanuwar da ta yi irin taka, yankawa muke."

Da muka shiga fili, Buba bai raga mini ba. Ya jefa gaba, ya jefa baya, ina haki kamar tsohon injin niƙa. Can ya sakar mini wata a gindin raga. Haushinsa ya sa na manta da tsoro, na yi wuf na dira da dukan nauyina a kan ƙafar da aka ɗinke. Na tsaya ina jiran in ji sandar nan. Shiru. Wallahi sai da hawaye suka zo mini, Buba kuwa yana ta shela wai kukan kaye nake.

Ya lallasa ni, yara suna dariya. Shugaba ya ce, "Wasan dai babu, amma ƙafa ta dawo. Riƙe filinka."

Shi ya sa nake ce muku, duk wanda ya tashi daga jinya a aikin nan, kada ya gwada kansa da masu jin nauyinsa. Malam Sani don ladabi ya kusa kai ni sito. Buba da rashin kunyarsa ya maido mini da aikina, kuma har gobe gurgu yake kirana.