Ranar da Aka Zo Neman In Yafe

Ana tsakiyar cirar gyaɗa ciwon cikin ya kama ni. Kwana biyu ina murƙususu, Inna ta jiƙa kanwa, ta dafa sabara, bai lafa ba. Sai Kawu, ƙanin Inna, ya ce ya san wani asibitin kuɗi a hanyar Ɗanbatta, likitan mutuminsa ne, ba a bin layi. A bayan mashin ɗinsa aka kai ni.

Likitan ya ɗan danna cikina, ya ce afendis ne, ya kusa fashewa, in ba a yi aiki yau ba sai dai haƙuri. Ba hoto, ba gwajin jini. Baba ya sa hannu da ajami a takardar da ba wanda ya karanta masa. Da na farfaɗo bayan aikin, aka ce an nuna wa Baba wani abu a kwalba, wai shi aka cire.

Ɗinki ya warke, ciwo yana nan. Bayan girbi yayata ta kai ni babban asibiti a Kano. Likitar ta daɗe tana kallon hoton cikina, ta kalli tabon, ta koma kan hoton. Ta ce, "Ƙanwata, afendis ɗinki yana nan, lafiyarsa ƙalau. Gyambon ciki ne, magani kawai yake so." Ta ce ba ta ga abin da ya ɓace a jikina ba, amma a karɓo fayil ɗina daga can, in rubuta ƙorafi, ana biyan diyya a kan irin wannan.

Tun ranar hannuna ba ya barin gefen cikina.

Sau uku yayata tana zuwa neman fayil. Na farko mai makulli ba ya nan. Na biyu ana dubawa. Na uku wai ruwa ya shiga sito. Kuma kullum sai ta tarar kamar ana jiran zuwanta. Wa yake gaya musu? Darni ɗaya ya raba mu da gidan Kawu, ko tari ka yi an ji. Matarsa ta tsiro da zuwa aron rariya, alhali tana da tata, tana tankaɗe tana tambayar inda na ajiye hoton. Na ce mata na bar shi a Kano. Ƙarya na yi, kuma ita kaɗai na yi wa.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga Kawu da mai unguwa da wani Alhaji, wai yayan likitan. Aka sauke buhun shinkafa da jarkar mai a zaure, wai dubiya. A garinmu, in ka ce ka yafe a gaban dattawa magana ta mutu. Ko kotu ka je, su za su tashi su ba da shaida a kanka.

Ina laɓe bayan ƙyaure ina ji. Kawu ya ce wa Baba, "Malam, kai da kake karantar da mutane ƙaddara, ai ba sai an tuna maka ba." Na san Baba ba ya iya musu da baƙo. Na fara kuka. Can Baba ya ce, "Ni ba a yanka ni ba. Haƙƙinta ne. A kira ta."

Na shigo na durƙusa. Mai unguwa ya ce, "'Yata, kalma ɗaya ce. Ki ce kin yafe, Allah ya ba ki lada."

Na ce, "Baba mai unguwa, a fara ba ni fayil ɗina."

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku ji 'yar sakandare, an zama lauya!"

Alhajin ya sassauta murya. "Yarinya, na'ura ma tana kuskure. Tunda hoton yana Kano, ki gaya mana wurin wa yake, mu karɓo mu nuna wa wani likitan."

Na ɗaga kai na kalli Kawu. Ya sunkuya yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi.

Na juyo wurin mai unguwa. Na ce, "Ban yafe ba."

Mai unguwa ya ce in sake tunani. Na sake faɗa, a hankali, har sau biyu. Baba ya ce a kwashe kayan dubiyar, muna godiya. Inna ta wuni washegari ba ta yi mini magana ba, Kawu ƙaninta ne, ban ga laifinta ba. A rijiya mata suna ganina sai hira ta tsaya.

Ran Litinin ni da yayata muka shiga motar Kano, ƙorafin da hoton suna ɗaure a cikin zanina, a ƙarƙashin hijabi. Kawu yana tasha, zaune a kan mashin. Bai gaishe mu ba. Motar na tashi na waiga, na gan shi ya ciro waya ya kara a kunne.