Ledojin da Baba Ya Ƙi Zubarwa

Babana alewa mai tsami yake yi, shekara ashirin da ɗaya a ɗaki ɗaya: tukunya biyu, faranti, da ƙaramin sikeli da ko ni 'yarsa ban isa in taɓa ba. Tsamin daga wani farin gari yake zuwa, asid ɗin tartarik, wanda ake samu daga inabi. Baba bai taɓa wahalar da harshensa da wannan suna ba, garin tsami yake cewa.

Halinsa ɗaya ne ke ƙona wa Mama rai. In ya sayo garin sai ya juye a tsohon gwangwanin madara saboda danshi, ledar kuma ya ninke ya cusa a bayan ƙofa.

"Malam, wai gadon da za ka bar mana ke nan?" in ji Mama. "Wallahi wata rana zan cinna musu ashana."

Dariya kawai yake yi.

Sai shaguna suka ce ba za su ƙara karɓar alewa ba sai da takardar izini. Ranar da jami'ar duba abinci ta zo, ta leƙa tukwane, ta duba faratan Baba, sannan ta buɗe gwangwanin. Farin gari, ba suna, ba lamba. Jami'ar ta juyo ta tambaye shi.

"Baba, mene ne wannan? An yarda a sa tartarik a abinci daidai gwargwado, amma ta ina zan san shi ne?"

Baba ya janyo ƙofa, ledoji suka zubo har kan takalminta.

"'Yata, ban yi boko ba. Uku, uku, huɗu na sani a jikin leda, in ban gan su ba, ba na saye."

"To, me ya sa kake tara su?"

"'Ya'yan mutane ke sha. In cikin wani ya ɓaci, ai in san daga wace leda ce."

Ta daɗe tana duba lambobin, sannan ta ce lalle 334 ita ce lambar tartarik. Ta auna garin a sikelinsa, bai hana ta ba, ta ce a rubuta suna a gwangwanin. Ni na rubuta, cike da murna.

Ranar da takardar ta iso, Mama ta kwashe zannuwanta daga akwatinta mafi kyau, ta jera ledojin a ciki da hannunta.