Goggon Laburare da Rajistar da Ta Hana

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai da rabi take buɗe laburaren unguwarmu. Ta goge kantoci, ta liƙe shafin da ya yage, ta zauna kusa da ƙofa da tabarau a karan hanci. Goggo muke ce mata, babba da yaro. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ba kowa ya san abin da ya faru shekara shida da suka wuce ba. Akwai wani ƙagaggen labari a kanta ta uku, na wani gari da aka haramta wa mutanensa tambaya. Duk wanda ya ce "me ya sa?" sai a neme shi a rasa. Matasa suka yi ta rububinsa har bangonsa ya fita.

Wata Talata da hantsi sai ga mutum biyu daga ofishin tace littattafai.

"Littafin nan yana ɓata tunanin yara," in ji babbansu. "Kawo shi."

Goggo ta miƙa masa. "Ranka ya daɗe, ka karanta shi kuwa?"

"Ba aikina ba ne. Kawo rajistar waɗanda suka ara."

Sunaye sama da arba'in ne a ciki, har da ɗalibai masu jiran jarrabawa.

"Littafi na hukuma ne, ga shi nan. Sunayen nan kuwa amana ce," in ji Goggo.

Ya kai hannu zai ɗauki rajistar. Mai sharar laburaren, wadda aka yi abin a gabanta, ta ce Goggo fizge rajistar ta yi, ta ɗora a kujera, ta zauna a kai, gwiwoyinta suna rawa. Masu karatu duk suka ɗago kai.

"Baiwar Allah, kin san aikinki za ki rasa?"

"Na sani. In suna kake so, rubuta nawa. Sau uku na karanta shi."

Ya rubuta, suka fita. Kafin su dawo washegari, rajista ta yi ɓatan dabo. Wata huɗu aka dakatar da Goggo, ana kiranta ana titsiye ta, ba ta furta sunan kowa ba. Da suka gaji, suka mayar da ita bakin aikinta.

Goggo, ke ce katangar da ba mu san mun jingina da ita ba. Ina cikin arba'in ɗin nan, sai bana mai shara ta faɗa mini. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Duk wanda aka ba amanar mutane, ya riƙe ta haka, ko da gwiwa tana rawa.